Ɗana Yana da Sikila, An Ce Bangaskiyata Ce Ta Gaza

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni matar aure ce a wani gari a Jihar Filato. 'Ya'yanmu biyu, babbar mace ce mai shekara goma, sai ƙaninta mai shekara shida. Tun yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, aka gwada aka ce sikila ce, SS. Daga lokacin ba mu huta ba. Da sanyi ya shigo sai asibiti. An yi masa ƙarin jini sau uku, mun sayar da fili, ga bashi ya yi mana katutu. Uwar mijina tana cewa a danginsu ba a taɓa ganin irin wannan ciwo ba, ni na kawo musu. Maigidana bai taɓa faɗa mini haka ba, amma bai taɓa tsawatar mata ba. Yanzu ma sai dare yake shigowa, in ya shigo kuma ba magana. Kwanakin baya wata ƙawata ta kai ni wani gidan addu'a. Mai gidan ya ce la'ana ce ta gado, in daina ba yaron magani, mu yi azumi ni da shi, in kuma kawo kuɗin shuka iri. Na yi. Ba a yi sati biyu ba ciwon ya tashi fiye da kullum, muka kwana tara a asibiti. Da na koma na gaya masa sai ya ce shakka na yi a zuciyata. Mama, yanzu in na durƙusa ba abin da yake fitowa daga bakina. Na daina zuwa Zumuntar Mata domin na gaji da amsa "yaya mai jiki". Wani lokaci ina jin haushin Allah, sai kuma tsoro ya kama ni. Shekaranjiya yaron ya tambaye ni me ya sa Yesu ya warkar da mutane a cikin Littafi amma shi bai warkar da shi ba, na rasa abin da zan ce. Laifina ne? Bangaskiyata ce ba ta kai ba?

Wata uwa daga Filato

'Yata, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ƙara wa yaron sauƙi. Da tambayoyi biyu kika rufe wasiƙarki, kuma ba zan sa ki jira amsarsu har ƙarshe ba: ba laifinki ba ne, ba kuma bangaskiyarki ce ta gaza ba. Macen da ta yi shekara shida tana tashi tsakar dare tana gasa wa ɗanta ƙafa, ta rabu da filinta, ta yi kwanan zaune a bencin asibiti, kuma yau da ta ɗauki biro sunan Yesu ta fara rubutawa, ba wanda ya isa ya ce mata ba ta da bangaskiya. Gajiya ce ta kama ki, sai aka samu masu ɗora miki laifi a kan gajiyar.

Bari mu fara da maganar surukarki. Yaro ba ya samun SS daga wajen mutum ɗaya. Dole S ɗaya, wato ƙwayar gadon sikila, ta fito daga uwa, ɗayar daga uba. Ke kina ɗauke da ita, maigidanki yana ɗauke da ita, shi kuma daga iyayensa ya gada kamar yadda kika gada daga naki. Mai AS, wato wanda ya gaji S ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana aure, yana tsufa bai san yana da komai ba, shi ya sa iyali kan yi zuriya bayan zuriya ba su ga ciwon a fili ba, sai ran da masu AS biyu suka haɗu. In sun haɗu, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Dalilin yawanta a wajenmu ma sananne ne: AS tana ba mai ita wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saboda haka ta yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Ran Lahadi in kin shiga majami'a ki dubi benci ɗaya mai mutum takwas. A lissafi, kusan biyu a cikinsu suna iya kasancewa ɗauke da abin da kike ɗauke da shi, har cikin dattawa da mawaƙa. Gadon jini ne, ba wanda ya jawo shi da zunubi.

Irin tambayarki ce almajirai suka yi wa Yesu a Yohanna sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho: wa ya yi zunubi, shi ne ko iyayensa? Amsa biyu suka ajiye masa ya zaɓi ɗaya, ya ƙi duka biyun. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba ne, an yi haka ne domin a bayyana aikin Allah a cikinsa. Duk wanda ya dawo miki da tambayar da Ubangiji ya riga ya rufe, ko surukarki ce ko mai riga ne a kan bagade, kina da 'yancin ƙin karɓa.

Yanzu sai gidan addu'ar nan, kuma a nan zan ɗan daɗe domin raina ya ɓaci da na karanta. Kada ki koma. Kada ki kira shi, kada ki aika masa da ko sisi. Mutumin da ya ce a hana yaro mai sikila ruwa da abinci, a ɗauke masa magani, ya jefa ransa cikin haɗari, ko da saninsa ko da jahilci. Ƙwayoyin jinin mai sikila, in jiki ya rasa ruwa ko sanyi ya kama shi ko zazzaɓi ya shiga, sai su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Inda jini bai kai ba nan ne zafin yake tashi, a ƙashi, a ciki, a ƙirji. Kuma ƙwayoyin nan ba sa daɗewa: na mai lafiya suna yin kwana 120, nasa kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa jininsa yake yawan sauka. Azumi ya busar masa da jiki, rashin magani ya buɗe wa zazzaɓi ƙofa, kwana tara a asibiti ya biyo baya. Wannan shi ne abin da ya faru. Shakkar zuciyarki ba ta taɓa ko ƙwayar jini ɗaya ba.

Ki kuma lura da yadda mutumin ya shirya maganarsa: in yaro ya samu sauƙi, ikonsa ne, in ya kwanta, shakkarki ce. Ko ta ina shi ba ya faɗuwa. Makiyayi na gaskiya ba ya yin haka da uwar da take cikin wuta. Yesu ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Da Siman mai sihiri ya fito da kuɗi zai sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Yaƙub sura 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai cikin sunan Ubangiji, ba ta ce a biya ba, ba ta kuma ce a zubar da magani ba. Ina so ki gaya wa fastonku abin da ya faru, domin ba ke kaɗai mutumin nan yake gaya wa irin wannan magana ba. Ƙawarki kuwa, ina zaton tausayi ne ya sa ta kai ki. Ki gaya mata sakamakon cikin natsuwa don kada ta kai wata.

Na san akwai abin da yake cin ki wanda ba ki rubuta ɓaro-ɓaro ba, wato da hannunki kika ɗauke maganin. Gaskiya ne shawarar ba ta yi kyau ba, ba zan ce miki ta yi ba. Amma ƙauna ce da ƙurewar dabara suka kai ki, kuma da ciwon ya tashi ke kika goya shi zuwa asibiti. Ki kai wannan gaban Allah sau ɗaya, ki karɓi gafararsa, ki bar shi a can. Ki kuma gaya wa likitan yaron gaskiya cewa an yi kwanaki ba a ba shi magani ba. Sun saba jin haka, kuma sanin zai taimake su.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa haɗa addu'a da magani faɗa ba. Bayan Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, annabi Ishaya da kansa ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawara kan ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Bulus ɗin nan da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shi kansa sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai tashi ya ce Bulus shakka ya yi? Allah yana warkarwa, na gaskata da wannan, kuma ki ci gaba da roƙo ba tare da jin kunya ba. Amma ba zan yi miki alkawarin da shi bai yi ba, domin masu yi miki irin wannan alkawari su suka kai ki inda kike. Abin da zan iya faɗa da gaba gaɗi shi ne bai bar ɗanki ba, kuma sikila a yau ba ita ce ta zamanin iyayenmu ba. Masu ita suna gama makaranta, suna aiki, suna aure, suna haihuwa. A Legas an yi wata baiwar Allah, Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda, mai sikila, da ta haura shekara 90 a duniya.

To, me za a yi domin sanyin bana kada ya zama irin na bara? Daga wasiƙarki na fahimci sai ciwo ya tashi kuke zuwa asibiti. A sauya wannan. Ku yi wa yaron rajista a asibitin da yake da likitocin yara da na jini, inda za a riƙa ganinsa a kan lokaci ko yana cikin ƙoshin lafiya. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai na Bingham da aka fi sani da Jankwano. In sun yi muku nisa, ku je sau ɗaya a tsara muku yadda za a kula da shi, a rubuta, sai asibitin kusa da ku ya riƙa bi. In kun je ku yi tambaya kan abu biyu. Na farko maganin da ake kira hydroxyurea, wanda yake sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri yake da shi a cikin uwa, jinin da ba ya lanƙwashewa. Yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Likita ne yake rubuta shi, yana kuma bin sa da gwajin jini lokaci lokaci, saboda haka ba a sayensa a kemis da ka. Na biyu gwajin TCD, inda ake ɗora wata 'yar na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi. Ana son a yi shi sau ɗaya a shekara tsakanin shekara 2 da 16, domin a gano yaran da suke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta zo. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi bincike a kan yaranmu na Arewa, suka nuna hydroxyurea tana rage wannan haɗari.

A gida kuma, kin riga kin san yawancinsa: ruwa da yawa kullum, ƙwayar folik asid, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta, gidan sauro, rigakafi cikakke. Sanyin Filato ba abin wasa ba ne gare shi, saboda haka rigar sanyi da safa da hula tun kafin hunturu ya kankama, wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito. In gaɓa ta fara ciwo, gashi da tsumma mai ɗumi, ban da ruwan sanyi. Kada a ba shi maganin ƙara jini na kwalba ko jiƙe-jiƙe sai likita ya sani, domin wanda ake yi wa ƙarin jini yana iya tara sinadarin ƙarfe fiye da kima. In yana fitsarin kwance kada a doke shi, kada kuma a rage masa ruwa, ƙodar mai sikila ce ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In zafi ya kai 38, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko ya ɗashe farat ɗaya cikinsa ya kumbura ta hagu inda saifa take, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ba a jiran gari ya waye. A yi addu'ar a kan hanya. Ki roƙi nas ta koya miki yadda ake taɓa saifa da hannu.

Na dawo kanki. Kin ce kina jin haushin Allah sai tsoro ya kama ki. Buɗe Zabura 13, ki ƙirga sau nawa Dawuda ya ce "har yaushe" a ayoyi biyu na farko: sau huɗu. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, da duhu ta rufe, kuma Allah ya yarda ta zauna a cikin Littafinsa, jama'arsa suna rera ta. Ayuba ya yi wa Allah maganganu masu zafi, abokansa kuma suka dage cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshe da abokan Allah ya yi fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Wanda yake kai kukansa gaban Allah, ko da murya mai ɗaci, har yanzu yana riƙe da shi. In kin durƙusa baki ya ƙi buɗewa, ki zauna a nan ɗin. Romawa sura 8 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba sa faɗuwa. In kina son kalmomi, ari na uban nan na Markus sura 9, wanda ɗansa yake fama tun yana ƙarami, an kai shi wurin almajirai sun kasa. Cewa ya yi ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Yesu bai kore shi ya je ya ƙaro bangaskiya ba, ya karɓe shi a yadda ya zo. Sannan ki tuna, lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci Allah ya fara ba shi kafin wata magana. Yaushe rabonki da barcin dare cikakke? In kin ga makonni suna wucewa ba kya iya ci, ba kya barci, ko tunanin gara ki mutu yana zuwa miki, ki gaya wa likita a ranar da kika kai yaron. Wannan ma ciwo ne mai magani.

Maigidanki. Ba shi ya rubuto ba, saboda haka zan yi masa adalci. Namijin da ya sayar da fili, ake binsa bashi, yana kallon ɗansa yana ihu bai iya cire masa zafin ba, sau da yawa kunya ce take rufe masa baki, yana ganin ya gaza a matsayin uba. Wataƙila ma ya san S ɗaya tasa ce, yana ɗauke da nasa nauyin a ɓoye. Daren da yake yi a waje yana iya zama gudun kallon abin da ya fi ƙarfinsa. Duk da haka shirun da yake yi in mahaifiyarsa tana magana ya bar ki ke kaɗai a fili, kuma wannan ba daidai ba ne. Hakkinsa ne ya tsaya miki. Ki nemi lokacin da yaron yake lafiya, ba ranar da aka dawo daga asibiti ba, kuma kada ki buɗe zancen da sunan mahaifiyarsa. Ki fara da shi: "Baban yara, na san kai ma kana jin jiki. Ni na gaji, ina bukatarka." Daga nan ki roƙi abu ɗaya takamaimai, ya raka ku ganin likita na gaba ya ji bayani da kunnensa. Maza da yawa in an ba su aikin da za su riƙe, kamar lissafin magani, ajiye kuɗin mota na gaggawa, ko kwana ɗaya a asibiti ke ki koma gida ki kwanta, sun fi samun hanyar dawowa fiye da in an ce su faɗi abin da yake ransu. In kin gwada sau biyu sau uku ya ƙi motsi, ki nemi fastonku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa su zauna da ku tare. In kuwa daren da yake yi ya haɗa da shaye-shaye ko wani abu daban, wannan magana ce mai zaman kanta, ki sake rubuto mini.

Surukarki kuma, kada ki ɗauki bayanin da na yi miki ki mai da shi sanda. In kika ce mata "ai daga ɗanki ne", za ki yi gaskiya ki rasa gida. Tsohuwa ce da take ganin jikanta yana wahala, ta girma a lokacin da ba a san gwajin jini ba, tana neman inda za ta ajiye tsoronta. Ɗanta ne ya kamata ya gaya mata, cikin ladabi, cewa abin daga ɓangare biyu ne kuma ba ya son a sake ɗora wa matarsa. In da hali ku tafi da ita asibiti wata rana, domin abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba tana iya karɓa daga bakin likita. Ki kuma ba ta aiki a jinyar, ko da dama kunu ne ko zama da yaron. In duk da haka ba ta daina ba, ki gaishe ta, ki yi mata abin da ya wajaba, in ta fara maganar ki tashi ki kama wani aiki. Musamman kada a yi ta a gaban yaran.

Layi ɗaya kawai kika ba 'yarki a wasiƙar, kuma haka yakan faru a gidan da ake jinya. Yarinya mai shekara goma tana gani, tana ji, tana kuma iya ɗauka cewa sai mutum ya kwanta ake kula da shi. Ki ware mata ɗan lokaci nata ita kaɗai, ko lokacin kitso ne, ki tambaye ta makaranta, ki bari ta faɗi tsoronta. Ta taimaka, amma kada ta zama uwa ta biyu. A gwada jininta ta san nau'insa tun yanzu. Ku ma, in kuna tunanin ƙara haihuwa, ku sani kowane ciki sabon lissafi ne, samun SS ɗaya ba ya kare na gaba. Ku zauna da likita ku biyu kafin ku yanke shawara, kada surutun dangi ya yanke muku. Za ku kuma ji ana maganar dashen ɓargo. Gaskiya ne yana iya raba mutum da ciwon, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma yana da tsada ƙwarai, yana da haɗari, yana kuma bukatar wanda ɓargonsa ya dace. Ku tambayi likita, kada ku ba wani ɗan tsakani kuɗi.

Zumuntar Mata kuwa, ki koma, amma ba a yadda kika bari ba. Na fahimci gajiyar amsa gaisuwa ɗaya sau ashirin. Matan nan yawancinsu suna son taimakawa, hanya ce ba su sani ba, sai su tsaya a "yaya mai jiki". Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma sai an nuna inda yake. Ki samu shugabar Zumunta ko matar fasto ke da ita, ki faɗa mata abin da kike bukata dalla-dalla: wadda za ta riƙe babbar in an kwantar da ku, wadda za ta kawo abinci asibiti, mai abin hawa da za a iya bugawa waya da tsakar dare. Ki roƙi fasto a samu matasa uku ko huɗu da aka gwada jininsu ya dace da na yaron, a ajiye lambobinsu, domin neman jini a daren da ake bukatarsa shi ne yake cin kuɗi da rai. Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan na Markus sura 2 har suka buɗe rufin ɗaki domin su kai shi gaban Yesu, kuma Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. A ranar da taki ta yi rauni, ikilisiya tana nan don ta ɗauke ki. Batun kuɗi kuma, ku je ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ku tambayi yadda ake shiga da abin da take ɗauka. A asibiti ki nemi sauran iyayen masu sikila, Kirista da Musulmi, ku karɓi lambar juna. Su suka san inda magani ya fi sauƙi, kuma a gabansu ba sai kin yi dogon bayani ba.

Saura tambayar yaron, wadda na san ita ta sa kika ɗauki biro. Kada ki tsawata masa, tambaya ce mai kyau, kuma ta nuna yana sauraron abin da ake koya masa. Kada kuma ki ce masa in ya yi addu'a sosai zai warke, domin ran da ciwo ya tashi zai ɗauka shi ne ya kasa, ya shiga irin ramin da kike ƙoƙarin fita. Abin da yaro mai shekara shida yake son sani a ƙarƙashin wannan tambaya shi ne ko Yesu yana fushi da shi. Ki ɗora shi a cinya ki ce masa: "Ba ka yi laifin komai ba. Yesu yana ƙaunarka ƙwarai, ya kuma san zafin ciwo domin shi ma ya ji a jikinsa. Akwai abin da bai bayyana mana ba tukuna, amma in kana jin zafi yana tare da kai, shi ya ba mu likita da magani, kuma za mu ci gaba da roƙonsa tare." Zai sake tambaya yana da shekara tara, ya sake yana da goma sha biyar, kowane lokaci ki ƙara masa gwargwadon hankalinsa. Ki fara koya masa sunan ciwonsa da sunan magungunansa, da yadda zai faɗi inda yake masa zafi. Ki je makarantarsu ki yi wa malaminsa bayani, a bar shi ya riƙe gorar ruwa, ya fita fitsari in ya matsu, kada a sa shi gudu a rana ko tsayuwa cikin sanyin safiya. Ban da wannan, a bar shi ya yi wasa, a aike shi, a yi masa faɗa in ya yi ƙiriniya, kada a riƙa kiransa "mai ciwo" a gida. In an fara gwajin waƙa a makarantar Lahadi, a sa shi a ciki.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji abin da suka ce kan hydroxyurea, da kuma ko maigida ya raka ku. Ki gaishe shi, ki gaida yaran.